Turmin da Bai Shiga Rasit Ba

A wani katafaren gidan shaguna na zamani a Kano, wani Alhaji ya kama shago yana sayar da atamfa da shadda. Hayar irin wannan wuri ta sha bamban da ta rumfar Kantin Kwari. Takardar da ya sa wa hannu ta ce zai biya naira miliyan 6 a shekara, idan kuma cinikinsa ya haura miliyan 120, masu ginin suna da kashi 5 cikin ɗari na abin da ya hau. Ba da ka aka yanke wannan iyaka ba, domin kashi 5 na miliyan 120 shi ne miliyan 6 ɗin. Takardar ta kuma ba su ikon duba littattafansa, kuma in aka gano ya ɓoye cinikin da ya wuce kashi 3, shi zai biya ladan mai bincike.

Alhaji ya damƙa shagon a hannun babban ɗansa. A farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma taransfa. Ranar da na'urar POS ta ƙi aiki, sai yaron ya ba mai saye lambar asusunsa na kansa. Da farko lalura ce. Daga baya ya lura cewa kuɗin da ya bi ta nan ba ya shiga lissafin haya, sai abin ya zame masa jiki.

Da shekara ta ƙare ya kai rahoton miliyan 107.5. Manajan ginin, wanda ya ga yadda mata suka cika shagon gab da ƙaramar Sallah, ya ɗauko wani dattijo mai binciken lissafi.

Dattijon bai fara da na'urar ciniki ba. Takardun sarin kaya ya nema, ya ƙirga turamen da suka shigo, ya shiga sito ya ƙirga waɗanda suka rage. Ɗaruruwan turame sun fita ba rasit. Sannan ya buɗe littafin rasit, ya ɗora yatsa inda lamba ta yi tsalle, ga ragowar takardun da aka yage a jikin ɗinkin.

"Ɗana, waɗannan fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Da aka kira Alhaji, shi da kansa ya sa aka fito da bayanan asusun ɗan. Miliyan 40 cif.

Manaja ya danna kalkuleta da murna. "Miliyan 147.5 ke nan. Za ku cika mana miliyan 1 da dubu 375."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji dattijon. "Cikin miliyan 107.5 ɗin nan akwai harajin VAT na kashi 7.5, yaron ya haɗa da shi bisa rashin sani. Kuɗin gwamnati ne, takardarku ma ta ce a cire shi. Cinikin gaskiya miliyan 140 ne. Haƙƙinku miliyan 1."

"Malam, mu fa muka ɗauko ka."

"Kun ɗauko ni in auna ne. Mudun da na auna masa da shi, da shi zan auna muku."

Wannan magana ita ta fi taɓa Alhaji, har fiye da kunyar da ɗansa ya ja masa, don ya zo ne da shirin a yi masa aski ba ruwa. A ranar ya biya miliyan ɗin da ladan bincike, bai nemi ragin sisi ba. A hanyar gida yaron ya ce, "Baba, ka yafe mini, na ɗauka dabara ce." Alhaji ya ce ya yafe, amma daga gobe duk turmin da zai fita sai an yanka masa rasit, kuma shi da kansa zai riƙa kai rahoton wata ofishin manaja.