Littattafan da Ke Wayata, Nawa Ne?

Ranar wata Asabar, bayan an kawo wuta a layinmu na Unguwar Sanusi, na zauna in yi wani aiki da na daɗe ina ɗagawa. Littattafan da na tara a waya da kwamfuta tun ina jami'a sun haura 1,200, kuma a warwatse suke. Wasu ma sunansu bai wuce "sabon littafi 3" ba. Na kwashe su na zuba a manhajar Calibre, na fitar da jerinsu, sannan na ɗora jerin a ɗaya daga cikin shafukan intanet da ake jera littattafai, irin su Goodreads da LibraryThing.

Na ɗauka aikin rabin awa ne. Sai ga shi ya bar ni da tambayar da har yau nake juyawa a raina: a cikin littattafan nan, wanne ne nawa da gaske?

Yadda abin yake aiki mai sauƙi ne. Littafin da aka buga bisa ƙa'ida yana da lambar ISBN, mai alƙalami 13 tun daga 2007. A Najeriya, Laburaren Ƙasa ne yake bayar da ita. Da wannan lamba shafin yake gane littafi, ya kawo sunan marubuci da bango da shekarar bugu. Littattafaina na Turanci kan rubuta manhaja sun shige ba gardama. Na Hausa kuwa, ɗaiɗaiku aka gane. Da yawa daga littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano marubutansu ne suka buga da kuɗin aljihunsu, ba lamba. Waɗanda ake rubutawa a waya, ana sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ma haka.

Don haka dole na shigar da su da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne kuma sai ka cike gurbin sunan marubuci. Akwai kuma wurin da ake nuna cewa littafin mallakarka ne. A nan hannuna ya tsaya.

Da na duba da idon gaskiya, sai littattafan suka kasu gida uku.

Kashi na farko waɗanda na saya ne. Ko su ma mallakar ba cikakkiya ba ce. Abin da mutum yake saya a yawancin shagunan intanet izinin karatu ne. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya kuɗinsu, saboda wanda ya sayar da shi ba shi da haƙƙin sayarwa. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, ya mayar wa mutane kuɗinsu, littattafan suka daina buɗuwa. A nan gida, OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a 2023. Magana Jari Ce na takarda da ke cikin kabad ɗin gidanmu kuwa, ba mai shigowa ya ɗauke shi. Kana iya ara wa maƙwabci, kana iya barin wa ɗanka gado.

Kashi na biyu shi ne ya fi damuna. Littattafai ne da aka turo mini, na kuma san marubutansu suna raye, suna sayarwa. Yawancinsu mata ne, kuma kuɗin da suke nema sau da yawa bai kai na datar mako ɗaya ba. Wasu sun rubuta a shafin farko ƙarara cewa ba su yafe wa wanda ya karanta bai biya ba. Na ga gargaɗin, na wuce shi, na karanta har ƙarshe.

Na yi wa ƙanwata maganar, domin ita ta turo mini mafi yawansu. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, me aka ɗauke mata? Littafinta yana nan a wayarta, ko harafi bai ragu ba. Kuma ko ban samu kyauta ba, dama ba saya zan yi ba."

Maganarta ba ta banza ba ce. Wanda ya saci akuya ya bar turke ba kowa, wanda ya kwafi fayil kuwa bai rage komai a hannun mai shi ba. Akwai kuma talauci, akwai rashin laburare kusa. Mun kuma taso a al'adar da ɗalibi yake aron littafin malaminsa ya kwafa da tawada, ba wanda ya kira shi ɓarawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin fayil ɗin da ake turawa da taɓawa ɗaya yana da wuyar tsarewa.

Amma da na sake tunani, sai na ga inda hujjar ta karye. Abin da marubuciya take sayarwa wahalarta ce: dararen da ta hana idonta barci, da datar da ta ƙona, da basirar da Allah ya ba ta. Ta faɗi sharaɗinta tun kafin ka fara, ka ji, ka amfana, ka ƙi cikawa. Idan tela ya ɗinka maka riga da yadinka ka ɗauka ka tafi, shi ma ba ka rage masa komai a shago ba, amma kowa ya san ka ci guminsa. Batun cewa dama ba za ka saya ba, mai yiwuwa gaskiya ne ga wanda ba shi da ko sisi. Ni dai ba zan iya faɗin haka ba. Sana'ata rubuta manhaja ce, abin da ake kwafa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma na san yadda nake ji idan aka yi amfani da aikina ba a biya ni ba. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma ba hukuma ce ta hana ni sukuni a daren nan ba.

Su kuma masu kwafar littattafai na da, akwai abin da muka manta game da su. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa a nan Kaduna, ya san sau da yawa mai kwafa yakan ambaci mawallafi da addu'a, a ƙarshe kuma ya rubuta sunansa, ya roƙi gafara. Yana kwafa ne yana tsare sunan mai littafi. Mu kuwa muna turawa sunan yana gogewa a hanya.

Wannan ya kai ni ga kashi na uku: littattafan da ba su da suna ko kaɗan. Wani an yanke shafin farko, wani an maye gurbin sunan marubuci da na rukunin WhatsApp ɗin da ya yaɗa shi. Wasu kuma hotunan tsofaffin littattafai ne da wani ya ɗauka da waya, waɗanda na nema a kasuwa ban samu ba. Da farko na yi niyyar goge su duka in huta. Sai na tuna cewa mai yiwuwa kwafin da ke hannuna yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Idan na goge, na wanke hannuna, amma ban amfanar da marubucin da komai ba.

Darasin Risala da muka yi a makarantar dare ne ya ba ni mafita. Wanda ya yi tsintuwa ba ya zama mai ita nan take, ba a kuma ce ya jefar ba. Zai riƙe ta amana, ya yi ta cigiya har shekara guda a inda ake sa ran mai ita zai ji. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Amma ma'aunin ya zauna mini. Littafin da ba shi da suna tsintuwa ne, kuma shigar da bayaninsa a jerin da kowa zai gani wani nau'in cigiya ne. Ba littafin kake rabawa ba. Kana dai sanar da duniya cewa akwai shi, ga sunansa, ga abin da ya ƙunsa, wa ya san mai shi?

Cigiyar nan tana da amfani fiye da yadda muke zato. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, don haka mai bincike daga ko'ina zai iya samun bayaninsa. Ɗaruruwan 'yan'uwansa kuwa, idan wayoyin da ke ɗauke da su suka lalace, ko sunansu ba za a tuna ba.

Ga abin da na yanke. Waɗanda na saya na sa musu alamar mallaka. Na kashi na biyu na buɗe musu jeri na daban mai suna "Bashi", kuma duk ƙarshen wata ina biyan biyu ko uku. Wata marubuciya da na tura wa kuɗin littafin da na karanta shekara huɗu da suka wuce ta zaci kuskure na yi, har ta nemi ta mayar mini. Na kashi na uku kuma suna ƙarƙashin "Cigiya". Na daina tura su ga kowa, ina kuma neman sunayen masu su. Zuwa yanzu na gano bakwai.

Jerin "Bashi" har yanzu ya fi sauran tsawo. Jiya ƙanwata ta sake turo mini wani sabo. Kafin in buɗe, na tambaye ta, "Wa ya rubuta, kuma nawa take sayarwa?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce bari ta tambayo.