Matakala 268 da Kabarin da Ba Shi da Rufi

A tsibirin Lantau na Hong Kong, bisa tudun Ngong Ping, akwai mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tsayin mita 34. Sufayen gidan ibada na Po Lin ne suka sa aka ƙera shi, gunduwa 202 aka harhaɗa, aka buɗe shi a Disambar 1993. Yana zaune a kan furen bado, hannun dama a ɗage, na hagu a kan cinya. Kafin ka kai gabansa sai ka taka matakala 268.

Matakalar nan ce ta ja hankalina, domin mu ma a Bauchi mun san wannan dabara. Duk wanda ya shiga kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buɗe gininsa a 1979, ya san ba a barinka ka ga komai kai tsaye. Sai ka bi wani lungu mai duhu, kana laluben bango, ana ce maka wannan duhun mulkin mallaka ne, sannan haske ya fara ɓullowa. Maginan biyu sun yarda da abu guda: sai jiki ya ɗan wahala zuciya take nutsuwa.

A ƙarshen tafiyar ne aka rabu. Can fuska ce ke jiranka. Nan kuwa kabari ne kawai, bango ya kewaye shi, sama a buɗe, rana da ruwa suna sauka a kansa kamar na kowane talaka.

Ni Musulmi ne, ba na rusuna wa gunki, kuma har ginin namu akwai malaman da ba su gamsu da shi ba. Amma ban ɗauki masu hawa tudun can wawaye ba. Da yawansu za su ce maka ba tagullar suke bauta wa ba, tunatarwa ce. Abin mamaki, mabiya Buddha na farko sun daɗe ba su sassaƙa siffarsa ba. Sawun ƙafa suke zanawa, ko bishiya, ko wurin zama babu kowa a kai. Daga baya ne masassaƙan Gandhara da Mathura suka ba shi fuska.

To, ɗan Adam yana iya riƙe wanda ba ya gani? Ina so in ce e. Sai dai yaran makarantar da ake kawowa kabarin Balewa sun fi daɗewa wajen hotunansa da kayan da ya bari, kuma kafin su zo, a takardar naira biyar suka san shi.