Jimlar Sharaɗi da Mas'alar Ƙaddara

Masu tsara littattafan koyar da Turanci sun daɗe da gane cewa yaro ba ya riƙe ƙa'idar nahawu in an ba shi ita tsurarta, sai an cusa ta cikin labarin da ya shafi rayuwarsa. Saboda haka, in sun zo babin jimlar sharaɗi, wasunsu sukan ɗauko labarin saurayi ɗan shekara 16 ko 17 a Amurka, wanda ya sami lasisin tuƙi, ya kama hanya da motar mahaifinsa, wayarsa na gefensa tana ta ƙara. In ɗalibi ya karanta labarin, sai a umarce shi ya gina jimloli iri uku. Ta farko a kan abin da ke iya aukuwa nan gaba, kamar a ce idan ya duba wayarsa zai yi karo. Ta biyu a kan abin da aka ƙiyasta kawai. Ta uku kuwa a kan abin da ya wuce, wanda babu mai iya komo da shi, kamar a ce da bai duba wayarsa ba da bai kashe kowa ba. Malamin aji maki yake bayarwa in an ajiye kowane fi'ili a muhallinsa, ba ruwansa da abin da ke bayan wannan. Amma ɗalibi Musulmi, wanda ya taɓa durƙusawa a zaure aka biya masa hadisi, in yana da kunne, zai ji cewa jimla ta ukun nan ita ce ainihin wadda aka yi masa kashedi da ita.

Kafin mu shiga mas'alar, ya kamata a san dalilin da ya sa mutanen Amurka suka damu da wannan al'amari har suka shigar da shi cikin darussan yara. A mafi yawan jihohinsu ana barin yaro ya fara tuƙi tun yana da shekara 16, kuma hukumominsu na lafiya sun ƙididdige cewa, in aka auna da nisan tafiya, matasa daga 16 zuwa 19 sun ninka manya kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Wannan ne ya sa suka ɗauki tsarin ba da lasisi mataki-mataki, wanda ƙasar Niyu Zilan ta soma a 1987, jihar Fulorida kuma ta bi a 1996: sai yaro ya yi wata da watanni yana tuƙi da babba a gefensa, sannan a sake shi, amma da sharaɗin ba zai yi tuƙin tsakar dare ba, ba zai kuma cika mota da abokansa ba. Ana cikin haka sai waya ta shigo aljihun kowa. Jihar Niyu Yok ta hana riƙe ta a hannu ana tuƙi a 2001, jihar Washinton ta hana rubuta saƙo a 2007, duk da haka har yau fiye da mutum 3,000 ke rasuwa kowace shekara a ƙasar saboda hankalin direba ya bar hanya. Lissafin ba shi da wuya: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wanda ya sunkuya daƙiƙa 5 yana karanta saƙo kuwa ya yi tafiyar mita 125 ke nan ba tare da ya ga abin da ke gabansa ba.

Akwai wani labari da ya shahara a can, na wani saurayi mai suna Reggie Shaw, ɗan shekara 19, wanda a watan Satumba na 2006, a jihar Yuta, yana kan hanyarsa ta zuwa wurin aiki da sassafe yana musayar saƙo, motarsa ta tsallaka layin tsakiya ta gogi wata mota, ita kuma ta juya ta faɗa gaban wata babba da ke tafe, masana kimiyya biyu da ke ciki suka rasu nan take. Ya daɗe yana musun cewa waya ce sanadi, har sai da aka fito da bayanan kamfanin wayar, ya kuma ji wani masani daga jami'ar jihar, Dokta David Strayer, yana bayyana wa kotu yadda hankalin mai waya ke barin titi ko da idonsa na kansa. Daga nan ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗan gajeren ɗauri da aikin hidimar jama'a, ya je gaban majalisar dokokin jihar ya ba da shaida, a 2009 kuma jihar ta kafa doka mai tsanani a kan rubuta saƙo ana tuƙi. Duk jawaban da ya riƙa yi wa 'yan makaranta bayan haka, in ka tace su, jimla ta ukun nan ce yake maimaitawa.

To, ga inda mas'alar take. Ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mumini, in wani abu ya same shi, kada ya ce da na yi kaza da kaza ne ya faru, sai dai ya mayar da al'amarin ga ƙaddarar Allah da mashi'arsa, domin irin wannan lafazi yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Shin ke nan ɗalibin da ya rubuta cewa da direban bai duba wayarsa ba da mutanen nan biyu suna raye, ya yi wa ƙaddara shisshigi? In kuwa bai yi ba, mene ne hadisin ya hana? Ba tambayar raha ba ce, domin a kanta ne mutum zai san abin da zai faɗa wa ɗansa ran da ya miƙa masa makullin mota ko na babur.

Malaman nahawun Larabci, tun daga masu sharhin Alfiyya ta Ibnu Malik har zuwa Ibnu Hisham, wanda ya tsawaita bahasi a kai a cikin Mugni, sun bambanta harafin sharaɗi da ke fuskantar abin da ke tafe da wanda ke waiwayen abin da ya shuɗe, da yawansu suka ce na biyun, wato irin na da na yi kaza, yana nuna cewa abu ya hanu saboda sharaɗinsa ya hanu. Harafin kansa ba shi da laifi, yana nan a wurare da yawa cikin Alƙur'ani, kuma Manzon Allah da kansa ya yi amfani da shi, kamar a Hajjin Bankwana, inda ya nuna cewa da ya san abin da ya sani daga baya da bai koro dabbar hadaya ba. Imamu Buhari ma ya ƙulla babi musamman a kan abin da ya halatta na wannan lafazi. Da malamai irin su Alƙali Iyal da Imamu Nawawi suka haɗa nassoshin, sai suka fitar da cewa abin da aka hana shi ne mutum ya faɗe shi yana mai ƙudurce cewa dabararsa ce da ta tunkuɗe hukuncin Allah tabbas, ko ya zauna yana cin ransa da baƙin ciki a kan abin da ya kuɓuce masa na duniya. Amma wanda ya faɗe shi domin nadama a kan saɓo, ko domin ya karantar da wani, bai shiga cikin hanin ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jama'a suka haddace ƙarshen hadisin suka mance farkonsa, alhali kuwa a farkon ne aka umarci mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Wanda bai cika wannan umarni ba, ya jefa kansa cikin abin da hankali da doka suka hana, da wace fuska zai nemi mafaka a ƙarshen maganar?

Masu karatun tauhidi a ƙasar Hausa sun san abin da Shaihu Sanusi ya shimfiɗa a Ummul Barahina game da hukuncin al'ada, wato cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna da yanka a lokacin da suka haɗu da abin da suka taɓa, kuma Yana da ikon saɓa wannan al'ada in Ya so. Wasu sun fahimci wannan a karkace, suka ɗauka cewa tun da sababi ba shi da tasiri to kula da shi ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Al'adar nan sunnar Allah ce a cikin halittarsa, kuma a kanta aka gina taklifi gaba ɗaya, domin in ba don ita ba da ba a hukunta wanda ya soki wani da mashi ba, tun da sai ya ce ba mashin ne ya kashe ba. Mita 125 ɗin nan da muka lissafa, su ma cikin al'adar Allah suke. Sayyidina Umar ya warware wannan tun zamanin annobar Amwas, lokacin da ya kai Sarga a kan hanyarsa ta zuwa Sham, ya sami labarin cutar, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Saurayin da ya kashe wayarsa ya jefa ta a aljihun mota kafin ya ta da inji, shi ma abin da ya yi ke nan.

Mu a nan ba a ba da lasisi sai mutum ya kai 18, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sanya amfani da waya ana tuƙi cikin laifuffukan da take cin tara a kansu. Amma duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kano ko Kaduna ya ga yaro a kan babur, ko a cikin a-daidaita-sahu, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana kutsawa tsakanin manyan motoci. In abin ya auku, aka taru wurin ta'aziyya, sai ka ji ana cewa kwana ne ya ƙare, haka Allah Ya rubuta. Gaskiya ne, kuma ita ce maganar da ta dace a faɗa wa uwar mamaci, domin ita musiba ce ta same ta, ba ta da hannu a ciki. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan maganar a miƙa wa direban ya lulluɓa da ita. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafawa da ita a kan laifi. Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce, amma ban taɓa jin sun ce saboda tana baya sai a yi kamar babu ita ba.

Shari'a kuwa ba ta bar al'amarin a hannun zuciya kaɗai ba. Tun kafin a ƙera mota, Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya. Direban da waya ta shagaltar bai yi nufin kisa ba, saboda haka ba a yi masa ƙisasi. Kisan kuskure ne, wanda Suratun Nisa'i ta bayyana hukuncinsa a aya ta 92. Akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, wadda ake ɗora wa danginsa na wajen uba su biya a hankali, sai fa in magada sun yafe. Akwai kuma kaffara, wadda ke wuyansa shi kaɗai, wato 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba kuwa ya yi azumin wata biyu a jere. Mai hankali zai lura da hikimar ɗora diyya a kan dangi, domin uban da ya san cewa aljihunsa da na 'yan'uwansa ne za su amsa, ba zai miƙa wa yaro makulli ya juya baya ba. Zai kuma lura cewa da kalmar kuskure tana nufin babu alhaki ko kaɗan, da ba a wajabta kaffara ba, tun da kaffara ba ta zuwa sai inda akwai abin da za a kankare, wanda a nan shi ne sakaci da ƙarancin kiyayewa. Yafewar magada tana sauke diyya amma ba ta sauke kaffara, kuma a wurin jumhurun malamai kowane rai da tasa kaffarar. Saboda haka Musulmin da ya yi irin abin da ya faru a Yuta, ya halaka mutum biyu saboda saƙo guda, azumin wata biyu sau biyu ne a kansa, in kuwa ya sha kwana ɗaya a tsakiyar ɗayansu ba tare da uzuri ba, sai ya koma ya faro ta daga farko.