Mas'alar Siffa a Filin Wasan Yara

Duk wanda ya san Rafin Guza, unguwar nan da ke daura da Kawo a gefen kogin Kaduna, ya san gidaje sun cinye filaye, har yaro ba shi da wurin langa ko ɓuya sai bakin titi ko gaɓar ruwa, alhali kuwa kogin, in damina ta yi nisa, ba ya tambayar ɗan wane ne. Saboda haka idan jama'a suka keɓe fili, suka sa magini da maƙeri su yi musu wani abu mai kamannin halitta wanda yara za su hau, su sulalo, su ɓuya a cikinsa, babu shakka niyyarsu ta alheri ce; sai dai mas'alar da za ta fara isa gaban liman ita ce: siffar me za a yi?

Abin da zai fara faɗo wa mai zane a rai shi ne kada, tun da shi ne alamar garin Kaduna. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi tafsili, suka ce siffar mai rai, idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce, ba su togace ba sai 'yar tsanar 'yan mata, domin ya tabbata Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da irinsu a ɗakin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Illar hanin kuwa biyu ce: kwaikwayon halittar Ubangiji, da toshe ƙofar da mutanen Annabi Nuhu suka shiga, waɗanda suka sassaƙa siffofin salihansu don tunawa, jikoki suka wayi gari suna bauta musu.

Wani zai ce abin da yara ke tattakawa da ƙafa ai ba a girmama shi ba, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Amma mai hankali ba ya gina abin jama'a a kan saɓani matuƙar akwai hanyar da kowa ya yarda da ita. Hanyar kuwa Abdullahi ɗan Abbas ya nuna ta, yayin da ya umarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai buƙaci siffar dabba ba kafin bakan gizonsa ya ƙayatar da duniya.

To, a ɗauki kuka, a yi ta da siminti, gindinta da kogo mai ƙofa biyu yadda uwa za ta hango ɗanta daga nesa, rassanta gajeru masu kauri, a rataya lilo a ɗaya, a zuba yashi mai zurfi a ƙarƙashi. Kada a yi wurin sulalowa da ƙarfe, gama ranar watan Afrilu za ta mai da shi wuta. Kada kuma a bar lungun da ruwa zai kwanta ya tara sauro, ko a kafa ta inda ambaliya ke kaiwa.

A nan ne, a ganina, nauyin shari'a ya fi yawa, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofinta, kuma sau da yawa mukan ƙare ƙarfinmu wajen muhawara a kan siffa, mu manta da ƙusar da ta fito tana jiran tafin ƙafar yaro. Lalle ne tun kafin a aza tubali mai unguwa da dattawa su ambaci wanda zai riƙa duba wurin, da inda kuɗin gyara zai fito, gama abin da aka yi wakafi ba ya zama sadaka mai gudana sai in amfaninsa yana gudana.