Sakata da Ranar Bazara

A Tawa, watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma lokacin ne ƙyauren ƙarfe ke nuna halinsa. Ƙofar da ke kallon yamma, balle mai baƙin fenti, in ta sha rana har la'asar sai sakata ta ƙi shiga raminta. Za ka ga mai kanti ya tokare ƙyaure da gwiwa yana dukan sakata da dutse. Wani kuwa buta zai ɗauko ya kwara wa ƙarfen ruwa, ya ɗan dakata, sai ta shige salin-alin.

Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake yi. Ƙyaure mai tsawon mita 2, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, ƙarin da zai yi bai kai milimita 1 ba. Sai dai bangon da ke riƙe da ramin sakata bai miƙe tare da shi ba, ga bayan ƙyauren ya fi cikinsa zafi, sai ya ɗan lanƙwashe. Abin mamaki, ƙofar da aka fi yabon mai waldarta, wadda ta zauna cif ba inda iska ke shiga, ita ce ke fara gardama. Tsohon hannu yakan bar ƴar rata da gangan. In mai gida ya yi ƙorafi ya ce masa, "Alhaji, yanzu hunturu ne, bari bazara ta zo ka gani."

Masu haɗa ƙaramin jirgin sama a gida suna fama da irin wannan. A Amurka kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon yana sayar da sassan jirgi, mutum ya harhaɗa a garejinsa, kuma dubbai sun tashi. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota. A irin waɗannan ƙananan jirage, murfin da ke rufe kan matuƙi roba ce garau kamar gilashi, miƙewarta ta ninka ta ƙarfe wajen sau 6, ta alminiyom sau 3. Murfin da aka daidaita cikin sanyin gareji, in ya sha rana a fili, ƙugiyarsa na iya kasa kamawa. Shi ya sa suke huda ramin kusa ya fi kusar faɗi, don kada robar ta tsage.

A ganina ba miƙewar ce abin tsoro ba, sabo ne. Matuƙi zufa ta ishe shi, ya bar murfi a ɗan buɗe yana tafiya a ƙasa, ya ja ƙugiya ta kama rabi, ya ce ai kullum haka take. Yana tashi murfi ya ɗage. Sau da yawa jirgin zai iya ci gaba da tafiya a haka. Hatsarin yakan zo ne in ya saki tuƙi yana kokawar rufewa alhali bai yi nisa da ƙasa ba.

Mai kantin da ya gaji da dukan sakata shi ma yakan tura ta iya inda ta tsaya ya wuce masallaci. Gyaran kuwa ba wani tsada: mai walda ya zo da la'asar, sa'ad da ƙarfen ke ƙuna, ya goge ramin kaɗan. In ƙyauren katako ne, a jira ruwan Agusta, don shi laima ke kumbura shi.