Sa ido ga mai koyo: kulawa ce ko leƙen asiri?

'Yan uwa, kun san malamin yaƙi da jahilci yana da littafin kiran suna. In mutum ya yi fashin kwana uku, malam yakan aika a tambaya ko lafiya. Ba mai jin haushin wannan, don cigiya ce.

Yau akwai makarantar da ba ta da zaure, ba ta da allo. Cikin wayar salula take, ta hanyar intanet. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta buɗe irinta mai suna OpenWHO. Kyauta aka yi ta, kowa ya so ya shiga. An koyar da sha'anin kwalara da Ebola da wanke hannu. Da cutar korona ta zo a 2020, miliyoyin mutane suka rubuta sunansu.

Amma shiga daban, gamawa daban. Manyan makarantu biyu na Amurka, Habad da MIT, sun ƙirga masu irin wannan karatu a wajensu. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, cikin mutum 100, kamar 3 kaɗai suka kai ƙarshe.

Shi ya sa masu irin waɗannan makarantu suke sa ido. Na'ura tana rubuta kome: ranar da ka shiga, minti nawa ka yi, inda ka tsaya, tambayar da ta kayar da kai. Ka yi shiru mako guda, sai saƙo ya zo maka.

To, wannan daidai ne?

A ganina akwai hujja. Ilimin lafiya ba na mai shi kaɗai ba ne. Unguwarzoma da ta tsaya rabin darasin zubar jini bayan haihuwa, wata mace ce za ta biya da ranta. Wanda ya gan ta ta tsaya ya yi shiru, bai kyauta ba.

Sai dai na'ura tana ganin ka tsaya, ba ta ganin dalili. Ba ta san damina ta faɗi, kana gona tun asuba ba. Ba ta san cajin waya sai ranar kasuwa ba, ko darasin da Faransanci yake, ya yi maka nauyi. Kuma wani bai gudu ba. Abu guda ya zo nema, yadda ake ba mai zawo ruwan gishiri da sukari. Ya samu, ya koma wajen marasa lafiya. A lissafi an ce ya faɗi. Ni ban yarda ya faɗi ba.

Ga wurin da abin yake ɓaci. Malamin ƙauye, ka san yana kiran suna, ka san fuskarsa. Na'ura kuwa, mutane da yawa ba su san tana rubutu ba. In aka kai labarin ga maigidanka na aiki, ya ce kai rago ne, cigiya ta koma tsegumi. Mai tsoro kuma zai riƙa danna waya don a ga ya gama, kansa babu kome. Takardar shaida ta samu, majiyyaci bai ƙaru ba.

Don haka a gaya wa mai koyo tun ranar fari abin da ake rubutawa, da wanda zai gani. In ya yi shiru, mutum ya kira shi, ya ji matsalarsa. In harshe ne, a fassara masa da Hausa. In rashin intanet ne, a ba shi darasin da zai ajiye cikin waya, ya saurara da dare bayan ya taso daga gona.