Masuntan Da Ba Su Cin Kifinsu

Kowane yaro ya san abin da ke kai masunci bakin ruwa: ko dai ya ci, ko ya sayar ya sayi hatsi. In ya yini a gulbi ya komo da gora wayam, mutanen gidansa ba su tambayarsa ko ya sha iska mai daɗi. To, yau za mu ba ku labarin waɗansu masunta na wata ƙasa, waɗanda su ke ɓad da kuɗi mai yawa don su kama wani kifi, in sun kama shi kuwa sai su cire masa ƙugiya, su sallame shi ya yi tafiyarsa. A ƙarƙashin labarin nan akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, muna so ku taya mu dubawa, ya ku 'yan makaranta.

Sunan kifin nan tarfon. Mazauninsa Tekun Atlantika, gaɓar nan da gaɓar can. Ta wajen Afirka ana samunsa tun daga Sanagal har Angola, ta wajen Amurka kuwa daga Fulorida da Tekun Meksiko har Birazil. Babbansa ya kan kai ƙafa 8 a tsawo. Wanda aka rubuta ya fi kowane nauyi cikin waɗanda aka kama da fatsa, a Gini Bisau aka kama shi cikin 2003, nauyinsa laba 286 da 'yan kai, watau ya fi ƙaton namiji nesa. Ɓawon jikinsa fala-fala ne, ɗaya ya kusa tafin hannun yaro, yana walƙiya kamar azurfar da maƙerin fari ya gama gogewa, don haka mutanen Amurka su ke yi masa kirari da Sarkin Azurfa. Yana da wata jaka a cikinsa wadda ta ke yi masa aikin huhu, shi ya sa a kan gan shi yana tasowa bisa ruwa yana haɗiyar iska, ya kan kuwa rayu cikin ruwan da wani kifi zai shaƙe. Sai ya yi kamar shekara 10 kafin ya fara haihuwa. Wani da aka ajiye a gidan kallon kifaye na birnin Shikago ya shekara 63 kafin ya mutu cikin 1998. Ku lura da wannan lissafi, gama za mu komo kansa.

Namansa cike ya ke da ƙaya, mutanen Amurka ba su cinsa. Abin da su ke nema a gare shi faɗa ne. Da ya ji ƙugiya a bakinsa sai ya yi tsalle ya bar ruwa ɗungum, wani lokaci har ƙafa 10 a sama, yana kaɗa kai da ƙarfi don ya tofar da ita. Bakin nasa kuwa tauri gare shi kamar ƙashi, saboda haka waɗanda su ke kuɓuta sun fi waɗanda a ke jawowa gefen jirgi yawa. Mai fatsa yana riƙe da sanda mai lanƙwasa, da wani ɗan ƙarfe mai juyawa wanda ke naɗe igiya. In kifin ya ja sai ya sassauta masa, in ya lafa sai ya naɗe, in ya yi tsalle sai ya sunkuyar da sandan wajensa don kada igiya ta tsinke. Su da kansu suna kiran wannan sunkuyawa gaisuwar sarki. Haka za a yi ta yi, wani lokaci sa'a guda ko fiye, har ɗayansu ya gaji.

Wasan ya soma bazuwa cikin 1885, sa'ad da jaridu suka buga labarin wani mutumin Niyu Yok, W. H. Wood, wanda ya kama tarfon mai laba 93 da sanda da igiya a kudu maso yammacin Fulorida. Kafin nan da mashi a ke sukarsa, ko a ja shi da igiya a hannu. Ba a daɗe ba masu dukiya suka dinga kwarara can kowace shekara, aka giggina masaukai dominsu. Cikin 1937 Shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, ya tafi Port Aransas ta ƙasar Teksas don wannan su, garin da shi kansa ya taɓa amsa sunan Tarfon. A zamanin nan na farko ba a sakin kifin. Sai a jawo shi tudu, a rataye, a auna, maigida ya tsaya kusa da shi a ɗauki hoto, ya ɓamɓare ɓawo ɗaya ya rubuta sunansa a kai, saura kuwa galibi a zubar. Wannan bai bukaci dogon bincike ba. Ran da ya shekara 30 ko 40 yana girma, a kashe shi don hoto ɗaya, ɓarna ce tsantsa, masu fatsar yau ma ba su kāre ta.

Abin da ya fi wuyar yankewa shi ne halin da a ke ciki yanzu. Cikin 1989 hukumar Fulorida ta ce ba mai kashe tarfon sai ya sayi wata lamba ta dala 50. Cikin 2013 ta ƙara tsanantawa: kamawa da sakewa kaɗai aka yarda, sai fa mai neman a rubuta kifinsa cikin littafin gwanaye, wanda ya wuce inci 40 kuma ba a ko fid da shi daga ruwa. To, ga tambayarmu. Mutum ya huda bakin dabba, ya ja ta har ƙarfinta ya ƙare, ba don yunwa ba, ba don ta yi masa ɓarna ba, sa'an nan ya sake ta. Ya yi laifi ko bai yi ba?

Bari mu fara ba mai fatsa haƙƙinsa, gama ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Zai ce ɗan Adam ba don ci kaɗai aka yi shi ba, yana bukatar abin da zai gwada ƙarfinsa da haƙurinsa a kai, kamar yadda samari ke kokawa bayan kaka ba don an yi musu alkawarin dame ba. Zai ce kuma, ku dubi Teksas. Tarfon ya yi yawa can a zamanin Roosevelt, amma wajen 1960 ya ragu ƙwarai, saboda datse koguna, da lalata fadamun bakin teku inda 'ya'yansa ke girma, da yawan kisa. Wa ya tashi ya yi magana dominsa? Masu fatsa ne. Su ne suka matsa a yi doka, su ne su ke ba da kuɗi a bincika inda ya ke haihuwa, su ne su ke hana a cike fadamun da ƙasa. Kifi ɗaya mai rai ya kan ciyad da jagoran jirgi da iyalinsa sau da yawa, matacce kuwa sau ɗaya. Wannan magana tana da nauyi, balle da ya ke an sa tarfon cikin jerin halittun da a ke tsoron raguwarsu a duniya. Wanda bai taɓa jin daɗin abu ba, da wuya ya tsaya tsaronsa.

Amma misalin kokawa ɗin nan, in mun dube shi da kyau, ba ya tsayawa. 'Yan kokawa biyu kowa da ƙafarsa ya shigo fage, kowa ya ji kiɗa ya yarda, wanda ya ga ba zai iya ba kuma ya koma cikin 'yan kallo. Tarfon bai ji kiɗa ba. Abinci ya gani ya kai baki. Tsallen nan da a ke tafa wa, wanda a ke kira jaruntaka, neman kuɓuta ne na dabbar da ta ga mutuwa. Mutumin yana wasa da rana ɗaya ta hutunsa, kifin yana wasa da ransa duka.

Waɗansu za su ce kifi ba ya jin zafi. Cikin 2003 wata masaniya a ƙasar Sikotilan, Lynne Sneddon, ta gwada wannan a kan wani kifin ruwan daɗi. Ta sami jijiyoyin jin rauni a fuskarsa, da aka sa masa dafin zuma da ruwan tsami a leɓe kuma sai ya dinga goga bakinsa a tsakuwa, ya daɗe bai ci abinci ba. Akwai masana da su ke ja da ita, suna cewa ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke sa mutum ya san yana shan azaba. Mu dai abin da mu ke gani, in mutum yana shakkar ko akwai yaro bayan zana, ba ya harba kibiya ya gani. Sakewar ma ba kullum ta ke zama tsira ba. A mashigin Boka Girande, inda tarfon ke taruwa dubbai cikin watan Mayu da Yuni, manyan kifayen nan masu cin nama da a ke kira shak sun san wurin sarai. Kifin da aka saki a gajiye shi ne abin da su ke jira.

Ga kuma abin da ya fi ba mu tunani. Ƙasar Suwizalan ta yi doka cikin 2008 ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar sakin abin da ya kama. A Jamus ma dokar tausayin dabbobi ta hana a wahalar da dabba ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, neman abinci dalili ne, nishaɗi kaɗai kuwa bai isa ba. Watau abin da Fulorida ta wajabta, shi Suwizalan ta haramta. Ba wai ɗayarsu ta rasa masu hankali ba ne. Fulorida tana duban irin kifin gaba ɗaya kada ya ƙare, Suwizalan tana duban wannan guda da ke lilo a bakin ƙugiya. Makiyayi ya san bambancin nan: kiwon garke daban, jin tausayin saniya guda daban, ko da ya ke mutumin kirki yana so ya haɗa duka biyu.

In an matsa mana mu faɗi inda muka tsaya, ga shi. Sakewa ta fi kisan banza, ba ko tantama. Amma ba mu yarda a kira ta jinƙai ba. Wanda ya tura ka rijiya ya miƙo maka igiya, ba shi ne a ke yi wa godiya ba. Mai fatsa na gaskiya sai ya amsa cewa daɗinsa yana da tsada, wani ne kuma ke biya, sa'an nan ya rage tsadar gwargwadon iyawarsa: ya ɗaura igiya mai ƙarfi don faɗan ya gajarta, kada ya ɗaga kifin don hoto, ya riƙe shi cikin ruwa har numfashinsa ya komo, in ya ga shak ya tashi daga wurin. Da yawansu suna yin haka, muna kuwa girmama su. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne baƙo ya zo gaɓar Saliyo ko Gini Bisau da fatsarsa mai tsada, ya ga masuncin wurin ya kashe tarfon ya kai gida, ya ce shi ne mara tausayi. Wancan yara ke jiransa. Cikin su biyun, shi ne ya fi sauƙin ba da amsa in an tambaye shi don me.

Kada ku ce wannan zancen masu dala ne, ba ruwanku. Mun sha tarad da yara bayan aji sun ɗaura wa ƙwaro zare a ƙafa suna kallon yadda ya ke kewaya, ko sun tasa ƙadangare da danƙo ba don za su ci ba. Kwanan baya muka tsawata wa wani a kan haka, sai ya ce, “Malam, ai zan sake shi.” Muka buɗe baki za mu amsa, sai muka tuna manyan mutane na can sun kafa doka sukutum bisa wannan magana tasa. Muka ce ya kwance zaren tukuna, mu yi zancen a aji ran Jumma'a. Ya kwance, ƙwaron ya tashi da ƙafa biyar.